Kafin Ki Sayi Man Gashi: Jagora Kan Zubewar Gashin Mata

Mace ba ta cika gaya wa kowa cewa gashinta na zuba ba. Ɗankwali ya rufe, hijabi ya ƙara rufewa, ko maigida sai ya daɗe bai ankara ba. Mutum biyu ne suka san abin da ke ƙarƙashin ɗaurin, ita da makitsiyarta. Shi ya sa a nan Sabon Garin Wudil matsalar kan shekara tana cin kai ba a kai ta gaban wanda ya san maganinta ba. Matakin farko kuwa kusan iri ɗaya kowa ke ɗauka, wato sayen mai. Ranar Juma'a a ratsa kasuwa a sayo man shanu wajen Fulani, ko a haɗa man kwakwa da hulba da kanumfari a ajiye a rana, ko a ga wata a WhatsApp tana tallan kwalba mai hoton gashi har gadon baya a tura mata kuɗi. Wata uku kwalba ta ƙare, goshi yana nan yadda yake, in ma bai ƙara ja da baya ba.

Ba cewa nake mai ba shi da amfani ba. Aikinsa ne daban. Yana tausasa silin gashi, ya rage masa bushewa da karyewa, musamman da hunturu. Amma ba ya ratsa fata ya tayar da saiwar da ta daina aiki, ba ya ƙara jini, ba ya kashe makero. Zubewar gashi kuwa dalilanta da yawa. Wata tana warkewa da kanta ko ba a yi komai ba, wata sai da ƙwaya, wata kuma in aka yi mata jinkiri gashin ya tafi ke nan. Don haka kafin ki kashe ko kwabo, ki fara gano wace iri ce taki.

Ranar tsifa

Kan mutum na ɗauke da sili wajen 100,000. Kowanne yana girma na shekara biyu zuwa shida, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, sabo ya biyo ta ramin da ya bari. Ke nan lafiyayyen kai ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 kullum. Namiji mai aski ba ya ganin nasa. Ke kuwa da kanki ke kitse, wanda ya saki ba shi da hanyar faɗuwa, yana nan maƙale a cikin kitson har ranar tsifa. Ki yi lissafi da kanki: kitson sati uku zai iya tara sili 1,000 zuwa 2,000. Dunƙulen nan da kike cirewa daga mataji gabanki na faɗuwa, sau da yawa na sati ukun ne ya taru ya fito lokaci guda. Abin da zai sa ki damu shi ne ki ga dunƙulen ya ninka yadda kika saba, ko jelar kitso ta sirance, ko fatar kai ta fara bayyana inda da ba a ganinta.

Ga yadda za ki bincika. Ki shimfiɗa farin ƙyalle a cinyarki, ki tsefe a kansa, ki taje. Ki tsinci sili kamar ashirin ki fita da su tsakar gida inda haske yake. Dogon sili mai ɗan farin ƙullutu a ƙarshensa daga saiwa ya fito. Guntaye marasa ƙullutu, masu tsawon gaɓar yatsa ko ƙasa da haka, karyewa suka yi, saiwarsu na nan lafiya cikin fata. In guntayen suka fi yawa, ki gode Allah, taki mai sauƙi ce: rilaksa ce, ko zafin draya, ko rini, ko taje kai a bushe da ƙaramin mataji. A nan ne kawai mai da karkashi za su yi miki aikin da kike nema.

Daga nan ki sa 'yarki ko ƙanwarki ta ɗauki hoton kanki da waya, da rana, a wuri huɗu: goshi, gefe da gefe saman kunnuwa, tsakar ka bayan an yi tsaga a tsakiya, sai ƙeya. Ki adana hotunan, ki riƙa maimaitawa duk wata. Gashi bai cika wuce santimita ɗaya a wata ba, ido kuma da ke kallon madubi kullum ba ya gane canji, sai hoto. Ki ƙara girman hoton ki dubi fatar. Akwai ƙananan ramukan gashi, ko ta yi sumul tana ƙyalli? Akwai ɓawo, ƙuraje, ja, ko ruwa? Abu na ƙarshe, ki ƙidaya baya wata biyu zuwa huɗu ki tambayi kanki me ya same ki a lokacin: haihuwa, ɓari, tiyata, zazzaɓi mai zafi, rashi, ko sabon magani. Da waɗannan amsoshin za ki san sashen da ya shafe ki a cikin abin da ke tafe.

Cin goshi

Wannan ce ta fi yawa a wajenmu, kuma da hannunmu muke yin ta. Ki leƙa gidan kitso ana jibi Sallah. Yarinya 'yar shekara bakwai na durƙushe tsakanin ƙafafun makitsiya, an danne mata ƙeya, hawaye na bin kumatu. Ta ce, “Anti, da zafi.” A ce mata, “Yi haƙuri 'yar Baba, in bai kamu ba ai ba zai kai Sallah ba.” Uwar na gefe tana ƙarawa da cewa a tsinto ƙananan na gaba, kada a bar ko ɗaya. Ana gamawa girar yarinya ta ɗage, fatar goshi ta yi tsantsan, da dare ta rasa ta inda za ta ɗora kai, a ba ta farasitamol. Bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje masu farin baki su jeru a layin goshi da ƙeya. Waɗannan ƙurajen ba zafin rana ne ya kawo su ba, saiwar gashi ce ta kumbura saboda ja.

Saiwar da ake ja kullum kamar turken da akuya ke fizga ce: yau ya girgiza, gobe ya yi sako-sako, wata rana ya tumɓuke. A shekarun farko gashin na dawowa in an sassauta masa. In aka ci gaba, ramin ya toshe da tabo, ba kuma abin da zai sake fitowa daga cikinsa. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta yi bincike a Afirka ta Kudu, aka buga a 2007, inda ta samu wannan matsala a kan kashi 31.7 cikin ɗari na matan da ta duba, kusan mace ɗaya cikin uku ke nan, da kuma kashi 17 na 'yan mata 'yan makaranta. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu ɗora kitso a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Duk wadda ta taɓa zama a gidan biki lokacin da ake sake ɗaurin ɗankwali ta san mu ma ba mu tsira ba.

Maganin farko shi ne bakinki. Da yawanmu muna jin nauyin makitsiya, musamman in ta girme mu ko ta daɗe tana yi mana. Tun kafin ta sa kibiya ki ce, “Yaya, don Allah sassauta min hannu, na gaban nan kuma ki bar min su, kada ki kama.” In ta gama layin farko, ki ɗaga gira, ki juya wuya, ki motsa muƙamuƙi. In kin ji yana ja, a warware layin nan take, kada ki yarda da “zai saki zuwa gobe”. Abin da ke saki zuwa goben, saiwarki ce. Kitson da ya hana ki barci ko ya sa ki shan maganin ciwon kai, ki tsefe shi a daren, ko nawa kika biya.

Sannan ki ba goshin hutu na gaske, wata shida aƙalla. A wannan lokacin manyan kitso sun fi ƙanana, guda shida ko takwas sun isa, ko kalaba sako-sako. Shuku na jan goshi da ƙeya gaba ɗaya zuwa sama, ki ajiye shi tukuna. Kada ki maimaita tsaga ɗaya da fuska ɗaya kullum: in wannan karon ya tafi baya, na gaba ya kwanta gefe. Kitso kada ya wuce sati biyu zuwa uku, tsakanin tsifa da sabon kitso kuma ki bar kwana biyu ko uku kan ya sha iska. Ƙarin gashi, wanda malamai suka daɗe suna hani da shi, likitan fata ma yana da nasa dalilin ƙin sa: nauyin da ba nata ba ake rataya wa saiwa, dare da rana, har sati shida ko takwas. Haka kitson zare da na roba in an ɗaure su tamau.

Akwai kuma masu ja a ɓoye da ba a cika zarginsu ba. Ribom ɗin da ake tamke gashi da shi a wuri ɗaya kullum. Acucin da 'yan mata ke cusawa don hijabi ya tashi. Ɗaurin ɗankwali mai tsauri da bakinsa ke zaune daidai layin goshi tun safe har dare, da hular cikin hijabi mai roba. Ki sassauta ɗauri, ki riƙa sauya inda bakinsa ke zama, ki sa hula mai santsi a ƙarƙashi, in kin shiga ɗaki kuma ba baƙo ki cire.

Wani abu da ke yaudarar mata: sau da yawa siririn layin gajeren gashi kan rage a can gaba, ramin kuma yana bayansa. Sai mace ta ce ai goshinta na nan. Ki duba bayan layin. In akwai ƙananan gashi masu laushi da ramuka, akwai sauran damar warkewa, hutu zai dawo da shi, likita kuma kan taimaka da man rage kumburi, da maganin ƙurajen, wani lokaci da minoksidil. In wurin ya yi sumul kamar ba a taɓa halittar gashi a nan ba, ba man da zai dawo da shi, ko daga ina aka kawo shi. Abin da ya rage sai dashen gashi, aiki mai tsada da ba kowa ke iyawa ba. Gara ki tsare wanda ya saura.

Game da rilaksa, in ba za ki iya rabuwa da ita ba, ki san abin da kike sa wa kanki. Mai ƙarfin cikinta soda ce irin wadda ake haɗa sabulu da ita, wadda ake cewa marar soda ɗin ma 'yar'uwarta ce. Kada ki maimaita ƙasa da sati takwas, sha biyu ya fi. A shafa basilin a fatar kai da kunnuwa tukuna, a sa ta a sabon tsiro kawai ban da wanda ya riga ya miƙe, a bi mintunan da aka rubuta a kwali. Maganar “bari ya ɗan ƙara ci” ita ke kawo ƙuna, ƙuna kuma ita ke barin tabo. Bayan an wanke, sati biyu kafin kitso. Yarinya ƙarama kuwa ba ta da abin yi da rilaksa.

Jego, zazzaɓi da ƙarancin jini

In dogaye masu ƙullutu ne suka cika ƙyallen, kuma daga ko'ina a kai suke fitowa ba wuri ɗaya ba, to jiki ne ya sha wata wahala. Idan jiki ya jigata, yakan tura gashi mai yawa hutu lokaci ɗaya, sai bayan wata biyu zuwa uku su zubo tare. Shi ya sa mace kan warke daga taifot ko maleriya, ta ma manta, sannan gashi ya fara bin mataji. Baƙin cikin rashi, takaba, tashin hankalin gida da rage cin abinci don a rame duk suna yin haka.

Na jego ya fi kowanne tayar da hankali, shi ne kuma ya fi sauƙi. Lokacin ciki sinadaran jiki kan riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa kan mai ciki ke cika. Bayan haihuwa su sake shi. Zubar kan fara a wata na biyu ko na uku, ta yi tsanani wajen wata na huɗu, kafin yaro ya shekara yawanci kai ya koma yadda yake. Ba ya buƙatar magani. Abin da ke ɓata shi shi ne a ɗora masa matsattsen kitson suna, a sake ɗora na arba'in, ga tafasasshen ruwan wanka ana kwarawa har ka. Mai jego ta yi manyan kitso, ta sirka ruwan wanke kai, ta ci abinci.

In zubar ta wuce wata shida ba ta tsaya ba, sai a nemi jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini. Haihuwa kusa da kusa, al'ada mai yawa, maleriya, tsutsar ciki, ga mu kuma a bakin kogi inda tsargiya ba baƙuwa ba ce. Alamunsa sanannu ne: gajiya, jiri, haki in an ɗan yi tafiya, farin ido da tafin hannu, farce mai karyewa, wani lokaci kwaɗayin ƙasa ko ƙanƙara. Ki je Babban Asibitin Wudil a auna jininki. In da hali a haɗa da gwajin feritin, wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, domin ajiyar kan ƙare tun awon jini na yau da kullum bai nuna komai ba.

In an ba ki ƙwayar ƙarin jini, ki sani za ta baƙanta bayan gida, tana iya sa shi tauri, ba abin tsoro ba ne. Ana ci gaba da sha kamar wata uku bayan jini ya dawo don ajiyar ta cika. Ki ɓoye ta inda hannun yara ba ya kaiwa, domin yawanta na kashe yaro. Mai sikila kada ta sha sai likita ya auna ya ce ta sha. A abinci kuma ba sai kin nemi na nesa ba: hanta, nama, kifin da ake kamawa a kogin nan namu, wake, ƙwai, zogale, alayyahu, rama. Ki matsa lemon tsami a kwaɗo, ko ki bi abinci da gwaba, suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa hana shi yake yi, ki ba shi tazarar awa guda da cin abinci.

In zubar ta zo da kumburin wuya, ko jin sanyi da ƙiba da kasala, ko bugun zuciya da rama da gumi, a duba ƙwayar maƙogwaro, wadda ke kawo maƙoƙo. In kuma bayan fara allurar tazarar haihuwa ce, ki koma wajen ma'aikaciyar da ta yi miki ku tattauna, kada ki yanke hukunci ke kaɗai.

Idan fatar ce ba lafiya

Makero ciwon yara ne, amma uwa na ɗauka daga mataji, hula da matashin kai. Wurin kan yi fari-fari da ɓawo, gashin ya gutsure daf da fata ya bar baƙaƙen ɗigo, wani lokaci ya kumbura yana ruwa. Ƙwayar cutar dangin funfuna ce, a cikin silin take zaune, shi ya sa man shafawa kaɗai ba ya kashe ta. Sai maganin sha: girisofulbin, wanda aka fi sani da Fulcin, sati shida zuwa takwas, a sha da abinci mai maiƙo, ko tabinafin na kamar sati huɗu. Likita ne zai auna gwargwadon nauyin jiki. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan Fulcin. A duba duk yaran gida, a wanke mataji da kibiya da ruwan zafi, kowa ya riƙe nasa. Man birki, baƙin mai da dakakkiyar tafarnuwa da wasu ke shafawa ƙona fata suke yi, su mayar da ciwon da zai warke tabon da ba ya warkewa.

Amosani shi kansa ba ya cire gashi daga saiwa, susar da yake sawa ce ke karya shi. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukarsa bushewar fata a yi ta lafta mai, alhali ƙwayar da ke kawo shi maiƙo take ci. Shamfu mai ketokonazol, irin su Nizoral, shi ne maganinsa: sau biyu a sati har sati huɗu, a cuɗa a fatar a bar shi minti biyar kafin a ɗauraye, daga baya sau ɗaya a sati ko sati biyu. Sai kuma ki lura da wannan: bayan wankan tsarki ko wanke kai, kada ki ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kitso. Ki bari ya bushe.

Akwai wadda za ta wayi gari ta ga wuri zagayayye girman murfin kwalba ya yi fes, ba ɓawo, ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Nan da nan sai zargi ya tashi, a ce sammu ne ko shafar aljanu, har a ɓata da kishiya ko maƙwabciya. Garkuwar jiki ce ta juya ta far wa saiwar gashi. Ba a ɗauka, saiwar kuma ba ta mutu ba. Da yawa kan tsiro da kansu cikin shekara guda, sau da yawa da farin gashi tukuna. Likitan fata kan yi ƙananan allurai a wurin duk sati huɗu zuwa shida don ya hanzarta. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Tsakar ka

Iri biyu ke kama tsakiyar kai, kuma rarrabe su yana da muhimmanci ƙwarai. Na farko na gado ne, ɗan'uwan sanƙon maza, sai dai a mace bai cika share kai ba. Tsaga ce ke ta faɗi a hankali, silin na sirancewa, goshi na nan. Ya fi bayyana bayan ɗaukewar al'ada. In ya zo wa matashiya tare da rikicewar al'ada, gashin haɓa da ƙurajen fuska, ta ga likitan mata.

Na biyun shi ne abin tsoro. Yana farawa daga maɗiga ya yi ta faɗaɗa a zagaye, fatar na yin sumul, wani lokaci da ƙaiƙayi, zafi ko tsami in an taɓa, wani lokaci shiru. Ya fi kama mata baƙar fata. Likitocin Amurka da suka fara bayyana shi a 1968 sun ɗora laifin a kan matajin ƙarfe mai zafi, daga baya aka same shi a kan waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba, wani bincike na 2019 kuma ya nuna akwai hannun gado a wajen wasu. Kumburi ne a ƙarƙashin fata ke cinye saiwa ya bar tabo. Magani na tsayar da shi, amma ba ya dawo da abin da ya riga ya ci. Wadda ta ga wannan alamar, duk watan da ta ƙara a gida asara ce.

Ga na gadon, maganin shafawa da aka tabbatar yana aiki shi ne minoksidil, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Regaine. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shan ta gashi na fito musu. Akwai na ruwa mai ƙarfin kashi 2, ana sa mililita ɗaya sau biyu a rana, akwai mai kumfa na kashi 5, sau ɗaya a rana. Fatar kai ta kasance a bushe, ba mai. Ki yi tsaga-tsaga a inda ya sirance, ko ki bi tsakanin layukan kitso, ki ɗiga a kan fata ba a kan gashi ba, ki murza da ɗan yatsa, ki wanke hannu da sabulu. Yana son awa huɗu ruwa bai taɓa shi ba, don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba da bayan Isha'i, kin ga ba ruwansa da shafar kai a alwala. Ki bari ya bushe kafin ki ɗaura ɗankwali ko ki kwanta, kada ya gangaro fuska, domin inda ya taɓa gashi na iya fitowa.

A satuttukan farko zubar kan ƙaru. Nan da yawa ke tsorata su daina, alhali tsofaffin ne ke ba sababbi wuri. Ba a yanke masa hukunci kafin wata huɗu zuwa shida. Ba kowa yake yi wa aiki ba, wadda ya yi wa kuma in ta daina, cikin 'yan watanni abin da ta samu zai zube. Saboda haka ki yi lissafin aljihunki tun kafin ki buɗe kwalbar farko. Mai ciki, mai neman ciki da mai shayarwa su bar shi. Mai ciwon zuciya ta tambayi likita. Ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Wanki da haɗe-haɗe

Ko wace iri ce taki, kai na son wanki duk sati ɗaya ko biyu, da ruwa mai ɗumi. Karkashin da iyayenmu ke amfani da shi ina ganin har yau ba a yi abin da ya fi shi wajen warware gashi ba. Ki jiƙa garinsa a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ban da kanwa, ba miya ba ce. Ki shafa, ki raba gashin kashi huɗu, ki warware da yatsu, sannan babban mataji daga jela zuwa sama. Man kaɗanya ko na kwakwa kaɗan a kan silin tun da sauran danshi. Man shanu a sa shi awa guda kafin wanki a wanke, kada ya kwana uku ƙarƙashin ɗankwali yana tsami. Cebe na matan Cadi silin yake lulluɓewa ya hana karyewa, tsawon da ake gani daga nan yake, ba a kuma cusa shi a fata. Jan lalle ba laifi. Baƙin dayis kuwa na iya kumbura kai da fuska, a gwada kaɗan a bayan kunne a jira kwana biyu.

Kwalbar da ba ta da suna, ba jerin abin da ke ciki, ba lamba, ki bar wa mai ita. Ba ki san ko an zuba irin sinadarin man bilicin da ke sirantar da fata ba. Ƙwayoyin bayotin da ake talla ba sa ƙara wa wadda ba ta rasa shi komai, suna ma iya rikita sakamakon gwajin maƙogwaro, don haka in kina sha ki gaya wa likita.

Wadda ta ga fata ta yi sumul, ko ƙuraje masu ruwa, ko zafi a tsakar ka, ko gira ma ta fara zuba, ko zubar ta haura wata shida, ta fara da asibitin nan na Wudil, ta nemi a tura ta sashen fata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce, ana zuwa a dawo a yini. In kina jin nauyin buɗe kai gaban namiji, ki nemi mace ta duba ki ko ki tafi da 'yar rakiya. Ki je da kai a tsefe, a wanke, ba mai, ki riƙe hotunan da kika ɗauka, ki zuba duk kwalaben da kika taɓa shafawa a leda ki tafi da su likita ya gani.